Hatimin Rumbun Maidaji

Mutane kan zo Guangzhou ta ƙasar Sin da kuɗi a ɗamara su koma da kaya. Ma'azu ɗan Maidaji kuwa, a zuwansa na daminar 2008, har da dutse ya zo, ƙulle cikin tsumman atamfa a aljihun ƙirjinsa. Dutsen bai kai girman ƙwan kaza ba. Baƙi ne mai ratsin kore, bayansa a dunƙule da 'yar huda ta zura igiya, fuskarsa a shafe da zanen da aka sassaƙa mata. A gidansu, can wani ƙauye kudu da Tasawa a jihar Maraɗi, hatimin rumbu ake ce masa.

An ce kakan kakansu ne ya tsinto shi a hanyar Bilma, zamanin fataucin gishiri, a wani fili da babu komai sai kawunan kibiya na dutse da fasassun tukwanen mutanen da ba wanda ya san sunansu. Wani malamin makaranta da ya taɓa riƙe shi ya ce dutsen ya girmi rubutu. Mutanen gidan ba su damu da shekarunsa ba, aikinsa suka sani. In an gama kaka, an cika babban rumbun ƙasa da gero, sai a kwaɓa laka a liƙe bakin rumbun, maigida ya yi bisimilla ya danna dutsen a kan ɗanyar lakar. Daga ranar ba mai taɓa wannan rumbun, har shi maigidan, sai ruwan shuka ya sauka an tara 'yan gida an fasa a gaban kowa. Kafin nan daga ƙananan rumbuna ake ci, ko da kuwa sai an yi ta maneji. Da wannan tsari gidan Maidaji bai taɓa shiga damina da rumbu wayam ba, har a shekarun da maƙwabta suka koma cin tafasa.

Maidaji ya rasu bayan babbar salla, ya bar 'ya'ya maza uku. Issa ne babba, amma ya yi shekara goma sha biyu yana leburanci a Libiya, rasuwar ce ta dawo da shi gida. Tankari ne na biyu, kuma shi ne bai taɓa barin gona ba ko damina ɗaya. Ba a yi sadakar arba'in ba sai da kowannensu ya ce shi zai danna hatimi a kakar da ke tafe, Issa da hujjar girma, Tankari da hujjar kanta a hannu. Kowa a gidan ya san inda maganar za ta kai. Wanda aka hana zai ce a raba masa gonarsa da geronsa, gandun da ya tsaya tun kaka da kakanni ya watse.

Uwarsu, Inna Yalwa, ta ɗauke dutsen daga ɗakin mijinta ta jefa a adakarta ta kulle, ta ce ba mai ganinsa sai gero ya shigo gida. Tun daga nan kullum safiya ta Allah su biyun suke zuwa gaishe ta, wannan ya zauna a dama da ƙofa, wancan a hagu. Ba sa yi wa juna magana, amma tabarma ɗaya suke zama a kai. Tsohuwar ta san ba ƙaunarta kaɗai ke kawo su ba, kowa gadin adakar yake yi, amma ta karɓi abin a yadda ya zo.

Ma'azu shi ne auta, shi ne kuma ɗan kasuwar gidan. Yana da kirki, yana kuma da baki. Duk dawowarsa daga Sin sai ya cika tsakar gida da labari, wai mutanen can ba abin da ba sa yi wa ɗan'uwa, ka kai musu takalmi ɗaya su ba ka dubu, uwar da ta haifi na farkon ma ba ta gane shi. Ashe Inna tana ajiye maganar. Ana jibi zai tashi ta kira shi ɗaki, ta buɗe adaka ta damƙa masa ƙullin. Ta ce ya sa a yi wa dutsen tagwai, irin wanda ba mai iya rarrabewa, ta ba Issa ɗaya ta ba Tankari ɗaya, su danna tare a bakin rumbu, kowa ya tafi da zaton nasa ne na gado. Ta ce kada kowa ya ji, don yayyensa sun ɗauka dutsen yana cikin adaka. Ma'azu ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne.

Ya tarar da Guangzhou ba yadda ya saba ba. Wasannin Olamfik a can Beijing ake yinsu, amma zafinsu ya iso har unguwar Xiaobei inda baƙaƙen fata ke sauka. Tutoci ko'ina, 'yan sanda suna tsayar da mutane a kan gada suna duba fasfo, biza kuwa kwana talatin aka ba shi aka ce ba ƙari. Waɗanda a da suke leƙawa Hong Kong su sabunta su dawo, wannan karon an ce su koma ƙasashensu. Kowa gudu yake yi. Ma'azu ya kwashe mako uku yana zarya tsakanin manyan kantunan tufafi na Guangyuan da masu ɗinki, yau a ce masa "meyo", wato babu, gobe a ce ya dawo jibi. Dutsen yana aljihunsa duk tsawon lokacin. Yakan shafa shi ta saman riga in ya shiga jirgin ƙasa, ya ce a ransa gobe. Aikin da mutum ya raina shi yake bari ƙarshe, sai da ya rage masa kwana shida sannan ya tashi.

Yana da aboki, Ƙasimu, Bakano, mai harkar tura kaya a kwantena, wanda ya shekara tara a garin har Sinanci ya zauna a bakinsa. Ƙasimu ne ya kwatanta masa shagon wani tsoho mai sassaƙa hatimi a wani lungu bayan titin Huanshi, ya ce amma ya jira shi zuwa gobe, yau yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu ana yi masa lodi. Ma'azu ya yi dariya a waya. Ya ce shi da ya ba da aikin atamfa mai kala bakwai ba tafinta, dutse guda ne zai gagare shi?

Shekara bakwai yana sayayya a garin nan da hanya ɗaya, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Zai ajiye samfur a kan teburi, ya ɗora katinsa a kai don a san mai kaya da lambar wayarsa, ya nuna adadi da yatsu, ya ce "sem-sem", wato a yi masa irinsa sak. Duk abin da mai shago ya faɗa bayan nan, sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi, don a saninsa ba ya wuce yabon kaya ko kukan wahalar aiki. Katin nan gefe ɗaya Faransanci ne, ɗaya gefen Sinanci, har da wani suna mai harafi uku da masu buga kati suka raɗa masa, wanda shi kansa bai iya karantawa ba. Sabo, an ce, turken wawa.

Shagon bai fi akurkin kaji biyu ba. Tsohon, Liyang sunansa, yana zaune a bayan gilashi cike da duwatsu dogaye da gajeru, tabarau a kan hanci, farar ƙura a gira. Mutanen Sin da hatimin dutse suke sa hannu a takarda da zane, a dangwala shi a jan tawada a buga, kuma a wannan damina baƙi 'yan yawon buɗe ido sun taso tsohon a gaba, kowa yana son sunansa a dutse ya kai gida tsaraba. Ma'azu ya yi "nihaw, lawban", wato sannu maigida, ya kwance tsumma ya ajiye dutsen, ya ɗora kati, ya ɗaga yatsu biyu ya haɗa su, ya ce sem-sem. Tsohon ya ɗauki dutsen ya jujjuya shi, ya auna nauyinsa a tafi, ya goga babban yatsa a kan zanen. Sai ya nuna fuskar dutsen, ya nuna katin, ya yi wata magana mai ɗan tsawo yana duban Ma'azu ta saman tabarau. Ma'azu ya gyaɗa kai. Tsohon ya sake nunawa, ya sake tambaya. Ma'azu ya sake gyaɗa kai, har da ɗaga babban yatsa. Aka nuna masa kwana uku a kalanda, ya fita yana jin nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

Ranar da ya koma da hantsi ne, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, lungun duk ya jiƙe. Tsohon na ganinsa ya miƙe da fara'a, ya ciro wani ɗan akwati mai shimfiɗar jan alharini ya buɗe. Duwatsu biyu ne kwance kusa da juna, bayansu a sama. Ma'azu ya sunkuya yana dubawa, ya kasa cewa ga nasu. Launin ɗaya, ratsin koren ɗaya, hudar ɗaya, har ɗan lotsawar da yatsun maza suka yi wa bayan dutsen shekara da shekaru an kwaikwaya. Daɗi ya kama shi. Ya hango Inna tana juya su a cinyarta, ya hango kansa yana ba da labarin a tsakar gida wata rana, in abin ya zama abin dariya.

Sannan ya kifa na farko. Fuskarsa sumul take tana sheƙi, da harufan Sin guda uku sababbi fil a cikin da'ira. Ya ce a ransa to, wannan ne sabon, tsohon ya yi masa ƙarin gishiri, abu ne mai gyaruwa. Ya kifa na biyu. Harufan nan uku ne dai.

Ya daɗe a tsaye da dutse a kowane hannu. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a kan dakalin shagon cikin danshi, ya kira Ƙasimu ya ce ya zo yanzu, ko me yake yi.

Da Ƙasimu ya iso ya saurari tsohon, bayanin bai da tsawo. A sana'arsu, wanda ya kawo dutsensa ya kawo suna, sunan yake so a kan dutsen. Hatimi in ya canja hannu goge tsohuwar fuskar ake yi a sassaƙa sabuwa, haka ya koya wurin maigidansa, haka yake yi shekara arba'in. Zanen da ya gani ya ɗauka wasan wani ne da bai iya ba, don ba rubutu ba ne. Duk da haka sai da ya tambaya sau biyu ko a goge, aka ce masa e sau biyu. Ya ƙara da cewa yini guda ya yi a kasuwar duwatsu kafin ya sami mai wannan launi, kuma tsohon dutsen taurinsa ya ci masa bakin aska biyu. Yana faɗa yana duban fuskar Ma'azu, muryarsa tana raguwa.

Ma'azu ya ce a tambaye shi ina abin da ya goge. Ƙasimu ya dube shi kamar zai ce wani abu, ya fasa, ya tambaya. Tsohon ya nuna wani faifan gilashi da takardar yashi a kai, ya nuna bokitin ruwa, sannan ya nuna magudanar da ke bakin shagon, wadda ruwan saman safiyar nan ya wanke tas.

Shi Liyang ne ya kawo shawara. Ya ce dutsen yana da sauran kauri, in baƙon zai zana masa yadda fuskar take, zai goge sunan ya mayar da zanen a kan duka biyun, ba zai taɓa aikin kowa ba sai ya gama. Ya tura masa takarda da fensir. Ma'azu ya karɓa da sauri, har zuciyarsa ta ɗan kwanta, don wannan zane da shi ya buɗi ido. Wata takwas a kowace shekara yana nan a bakin rumbu, a gefen hanyar da yake bi ya je rijiya.

Ya ja da'ira. Ya ja layi biyu da suka gicciye suka raba ta gida huɗu, wannan ba ya shakka. A kowane gida akwai layuka masu lanƙwasa, ɗaya cikin ɗaya, kamar sawun kaza. Nan fensirin ya tsaya. Uku ne ko huɗu? Bakinsu ciki yake kallo ko waje? Akwai ɗige-ɗige, ya tabbata akwai, amma a gida ɗaya suke ko a biyu, kuma guda nawa? Ya zana da uku, ya ga ba shi ba ne. Ya zana da huɗu, ya ga ya fi muni. Ya cika takarda ya juya bayanta. Kowane zane in ya gama sai ya dube shi ya ga baƙo. Mako uku dutsen yana kwance a kan ƙirjinsa, bai kwance tsumman ya kalle shi ko sau ɗaya ba, don me zai kalli abin da ya sani?

Ƙasimu ya tambaya ko babu wata tsohuwar laka a gida mai shaidar hatimin, a ɗauko ta a hoto. Ma'azu ya girgiza kai. An fasa rumbu tun watan shida da ruwa ya sauka, kuma a gidansu lakar da aka fasa dakawa ake yi a gauraya da irin shuka. Hatimin ƙarshe da ubansa ya danna yana ƙarƙashin geron da ke tsaye a gona yanzu.

Washegari Ƙasimu ya bar aikinsa ya rako shi. Suka tarar tsohon ya sa allo a ƙofa cewa ba ya karɓar aiki, ya kuma aro wani ƙaton littafi wurin wani abokinsa malami. Hotunan hatimai ne na dutse da aka tono a ƙarƙashin kufai a ƙasashen Turkiyya da Siriya da Iraƙi, na mutanen da suka rayu kafin a san alƙalami. Tsohon yana karanta bayanin da ke ƙasan hotunan, Ƙasimu yana juyawa. Wai a kan ɗanyar laka suke danna su, a bakin tuluna da ƙofofin ɗakunan ajiya, don a san ba wanda ya buɗe.

"Ka ji fa," in ji Ƙasimu a hankali. "Su ma rumbu suke liƙewa."

Ma'azu ya yi ta buɗa shafi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yawan masu kama da nasu. Ga da'ira, ga gicciye, ga sawun kaza, wani da uku, wani da biyar, wani da ɗigo, wani babu. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce wannan ne, ya buɗe gaba ya ga wani ya ce a'a, wannan ya fi kusa. Kafin ya kai tsakiyar littafin ɗan abin da ya rage a kansa ma ya dagule, ya rasa wanne ya gani a bakin rumbu wanne ya gani a shafin baya. Ya rufe littafin. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya ce a faɗa wa baƙon, shekara arba'in yana alfahari da hannunsa, yau ya san abin da hannun ya ci. Ma'azu ya ce a ce masa ba laifinsa ba ne, kan da ya gyaɗa shi ne mai laifi.

A hanyar komawa Ƙasimu ya yi masa magana irin ta 'yan kasuwa, kuma don Allah ya yi ta. Ya ce in ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi. Ya ce Ma'azu ya zaɓi mafi kusa a littafin a sassaƙa a kan duka biyun, tunda shi da ya tashi a gidan bai iya ƙirga layukan ba, wa zai ƙirga? Burin tsohuwa dai 'ya'yanta su zauna lafiya, to ga hanya. Ma'azu ya ji maganar ta shige shi, har ya fara tunanin shafin da zai zaɓa. Amma ya san abu ɗaya game da kansa: bai iya zana hatimin ba, duk da haka kowane zane na ƙarya da ya gani idonsa ya ƙi shi nan take. Idon Tankari ba zai fi nasa rauni ba. Ya ce bari dai ya tambayi mai shi, wataƙila ita ta riƙe.

Da la'asar ya shiga ɗaya daga shagunan buga waya na Xiaobei, lokacin gida safiya ce. Ya kira mai shagon ƙauyensu ya roƙe shi ya kai wa Inna wayar, ya ba ta wuri. Ya ji tafiyar mutumin, ya ji kukan awaki da sautin turmi, sannan muryarta. Suka gaisa. Ta ce gero ya fara fitar da kai, yayyensa yanzun nan suka tashi daga ƙofarta. Ta rage murya ta tambaya ko saƙonta ya samu.

Ya ce ana kai. Sannan, kamar abin ba komai ba, ya ce, "Inna, zanen da ke bisa dutsen ga, layi nawa ne cikin kowane gida?"

Ta yi 'yar dariya. "Kai da ke riƙe da shi kake tambaya ta? Juya shi ka duba mana."

Ma'azu ya ƙara matse wayar a kunnensa. A ɗakin wayar da ke kusa da nasa wani yana ta faɗa da Yarabanci. Inna ta kira sunansa sau ɗaya, ta sake kira, a na biyun muryar ta canja. Sai ya faɗa mata duka, da katin, da gyaɗa kan, da magudanar ruwan. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa tsohon ba. Yana faɗa hawaye na zuba, bai damu da masu jiran layi da ke kallonsa ta gilashi ba.

Inna ta saurare shi har ƙarshe. Da ta yi magana, salati ta fara yi. Sannan ta ce shekara arba'in da bakwai tana wucewa ta gaban hatimin nan safe da yamma, da an canja shi ko da ɗigo ɗaya da ta gane tun daga bakin ɗakinta, amma a ce ta faɗi yadda yake, ba ta iyawa. Ita ƙwaryar ruwa take riƙewa in ana kwaɓa laka.

"Wanda ya san shi ciki da waje, mun kai shi makwancinsa bayan salla," in ji ta.

Ya kawo mata shawarar Ƙasimu, yana jin kunyar bakinsa. Ta ce a'a. Ta ce dubarar tagwai ma ita ta ƙulla ta, ga inda ta kai su, ba za ta ɗora wata ƙaryar a kan ta farko ba. Sai ta tambaye shi, yanzu mene ne a fuskar dutsen?

"Sunana ne, Inna. Da rubutunsu."

Ya ji ta ja numfashi. "Kada ka shigo gidan ga da shi hakanan. Yayyenka na faɗa bisa wa za shi riƙe shi, su ga sunan auta a kai? Ko ka dafa Alƙur'ani ba su yarda kuskure ne. A goge. Ka kawo mini shi ba komi."

Ya ce to shi zai tsaya gabansu ya faɗi abin da ya yi. Ta ce ba shi ya buɗe adaka ba. Ita ta ɗauko dutsen daga ɗakin ubansu, ita ta fitar da shi daga gida a ɓoye, ita za ta faɗa musu, kuma ba za ta jira kaka ba, gobe in sun zo gaisuwa za ta faɗa. Ma'azu ya roƙe ta ta bari ya iso tukuna. Ta ce ba ta iya zama ta dube su suna gadin adakar da ba komai a ciki, tana sane ba abin da zai dawo cikinta.

"In kin faɗa masu, Inna, ba su ƙara zama tabarma guda."

"Na sani," ta ce. Ta sa masa albarka, ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta miƙa wa mai shago wayarsa.

Ana gobe zai tashi ya koma lungun shi kaɗai. Wannan karon ba a bukaci tafinta ba. Ya ɗauki dutsen da tsohon ya nuna masa cewa shi ne na asali, ya nuna harufan, ya shafe tafin hannunsa da ɗayan. Liyang ya dube shi, ya nuna takarda da fensir, ko akwai abin da za a sa a madadin. Ma'azu ya girgiza kai, a hankali, don kada a sake samun kuskure.

Tsohon ya yayyafa ruwa a kan takardar yashi, ya kifa dutsen ya fara murzawa yana zagayawa. Ma'azu ya tsaya a kansa yana kallo, ruwan yana yin toka-toka yana gangarowa gefen gilashin. Can tsohon ya tsoma dutsen a bokiti, ya goge shi da tsumma, ya miƙo masa da hannu biyu. Dutsen ya ƙara gajarta, fuskarsa ba komai. Ɗan akwatin alharinin da ɗayan dutsen Ma'azu ya tura wa tsohon su, ya ƙulle nasu a tsumman atamfar da ya zo a ciki. Da ya fito bakin titi ya duba agogo ya cire awa bakwai. A gida yanzu rana ta fito, Issa da Tankari sun zauna a ƙofar Inna, ita kuma tana gyara murya.